Ƙyallaye a Ƙarƙashin Katifa

A Unguwar Sarki muka taso, katanga ce kawai ta raba gidanmu da na su ƙawata. Mahaifina akawu ne a ofishin gwamnati, nata kuwa tela ne a kasuwa. Tare muke tafiya makarantar 'yan mata, bencinmu ɗaya. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba.

Ta riga ni fara al'ada. A bayan aji ta raɗa mini. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani. Abin da muka tsinta a bakin manyan ɗalibai shi ne, wai duk wanda ya sami ƙyallenki zai iya yi miki asiri da shi.

Don haka ba ta taɓa shanya nata a rana ba. Guntayen yadin da babanta yake zubarwa take tsincewa. In ta wanke a ɓoye, sai ta cusa su ƙarƙashin katifa a jiƙe. Ga damina ta kankama, ko rigar da ke kan igiya sai ta kwana ba ta bushe ba. Ranar da ta ɗaga katifar ta nuna mini, wani wari ya buge ni. Duk sun yi baƙin ɗigo-ɗigo.

"Da waɗannan kike ƙunzugu?" na tambaye ta.

"To da me zan yi?" in ji ta.

Tafiyarta ce ta fara canzawa. Sai ta riƙa buɗa ƙafa, a aji kuma ba ta iya zama wuri ɗaya. Daga baya ciwon mara ya zo, sai zazzaɓi. A gidansu aka ce iska ce, wai ta tsallaka wani abu a hanyar makaranta. Aka yi ta turare da rubutu. Kullum na leƙa, sai in tarar ta ƙara zabgewa, leɓɓanta sun tsattsage, ɗakin cike da hayaƙi, amma warin nan yana nan ƙarƙashinsa.

Wata Asabar ƙanwar mahaifina, wadda take aikin jinya, ta zo daga Mando. Innata ta roƙe ta ta duba yarinyar. Ba ta jima ba ta fito, ta ja ni zaure.

"Ke ce ƙawarta. Da me take tsare jini?"

Na gaya mata duka.

Ta dubi innata ta ce, "Yaya, a nemo mota yanzu."

A zani aka ɗauko ƙawata, kanta na lilo. Uwarta ta biyo baya da mayafi a hannu, tana ta tambaya me aka gani. Sai da suka shiga mota gwaggo ta yi mata bayani.

Ta daɗe a asibiti. Ta rayu, amma da aka sallamo ta, na ji gwaggo tana ce wa innata ƙasa-ƙasa ciwon ya hau sama sosai, sai dai a yi ta addu'a. Ban gane ba a lokacin.

Ba ta koma makaranta ba. Kafin wata daminar suka tashi zuwa Zariya. Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da yayarta a wani biki. Na tambaye ta labarin ƙawata da na yaranta. Yayar ta sunkuyar da kai ta ce tana nan lafiya, haihuwa dai har yanzu Allah bai kawo ba.