Ranar da Khala Zainabu ta shiga layi

"Yalla, layi biyu, ku fuskanci juna!"

Haka nake ta kira a tsakar wani gidan biki a unguwarmu ta Ruwais, farkon shekarun saba'in. Lokacin ni ke koya wa matan unguwa gaɗa, in kira taku, su bi. Jiya jikata ta tambaye ni rawar da ban manta ba, shi ne na tuna wannan.

Layi ɗaya babu cikon mutum guda. Da na waiga sai ga Khala Zainabu, wato Inna Zainabu, kakar amarya, a gindin bango tana kaɗa ƙafa. Shekara biyu ke nan da rasa idonta, ko maƙwabta ta daina shiga.

Na je na kama hannunta.

Ta ce, "Ya binti, 'yata, rufa min asiri. In na faɗi a gaban surukai fa?"

Na ce, "Khala, wa ya ce miki da ido ake yi? Muryata za ki bi. In na ce dama, ki yi dama, khalas, shi ke nan."

Sai ta miƙe.

"Gaba uku! Tafa! Juya! Canja abokiya!"

Wallahi ko sau ɗaya ba ta kuskure ba, 'yan mata masu ido biyu ne ke ta karo da juna. Amarya ta yaye lulluɓi tana kallo tana hawaye.

Da muka tsaya, Khala ta gyara ɗankwali ta ce, "Sake mana, amma ki ƙara sauri."

Wani tsohon ba gajiya ya yi ba, mai kiransa ya rasa. Ku wa kuka taɓa jawowa fili?