Ranar da Na Mai da Baba Ƙauye

Ana jibi Babbar Sallah na mai da mahaifina ƙauye. Na ce masa Sallah kawai za mu je mu yi mu dawo. Ba gaskiya na faɗa masa ba.

Shekara uku ya yi tare da mu a Kurudu, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, tun bayan rasuwar mahaifiyata. Direban babbar mota ne a da. Shanu yake ɗaukowa daga kasuwannin Arewa ya sauke a Dei-Dei, wani lokaci ya zarce da su Kudu, har ƙarfinsa ya ƙare a kan wannan aiki. Mantuwa ta fara masa da ƙananan abubuwa: inda ya ajiye hula, ko ya yi la'asar ko bai yi ba. Daga baya ya fara fita a rasa shi. Fitar ƙarshe a wani gareji aka same shi wajen Jikwoyi, yana zaune cikin matacciyar motar da ba ta da ko taya, hannunsa a kan sitiyari. Abin da ya yanke maganar shi ne ranar da ya kunna gas ya bar shi yana tsiyaya, yaranmu biyu suna barcin rana a ɗaki. Maƙwabciyarmu ce ta ji wari.

Matata malamar makaranta ce, ni kuma tun asuba nake fita zuwa ofis a cikin gari. Ba ta taɓa cewa a mai da shi ba. Ni na furta da bakina. Na kira Gwaggo, ƙanwarsa da ta rage a gidanmu na gado, can gaba da Jos a hanyar Bauchi. Ta ce, "Kawo shi. Ai gidansu ne."

Na yi niyyar mu tashi da an idar da sallar asuba, mu riga cunkoso. Baba ya ƙi sa takalmi, ya ce ba nasa ba ne. Muka yi ta lallashi har rana ta ɗaga. Da zai shiga mota matata ta durƙusa ta ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya." Ya dube ta da fara'a ya ce, "Amin, 'yar nan. Ki gaida mai gidan naki." Ta miƙe ta shige ciki ba ta waiwayo ba.

Tun daga Karu muka tarar da layi. Kafin mu kai Nyanya motoci sun cure, layi uku ya koma biyar, har da masu bin gefen kwata. Duk wanda Abuja ta tara ya tashi zai tafi garinsu a rana ɗaya. Ƙananan motoci an danne musu but da buhuna an ɗaure da igiya, bas-bas cike da mata da yara, raguna a saman mota an ɗaure musu ƙafa suna kuka. 'Yan acaɓa suna kurɗawa ta ko'ina suna bugun madubi. Hadari ya haɗu tun safe amma ya ƙi zubowa, sai zufa. Na'urar sanyin motata ta daɗe da mutuwa. Idan na sauke gilashi hayaƙin tirela ya shigo, idan na ɗaga mu dahu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Baba ya farfaɗo. Wata da watanni ban ji ya yi magana mai tsawo ba, amma yana zama a kujerar gaba ya gyara wuya, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

"Kana cinye kulocin nan," ya ce. "Sa ta a firi ka huta. Ina za ka?"

Na sa ta a firi.

"Kada ka bi bayan waccan tankar. Direban ba ya duba madubi."

Haka ya yi ta yi. Ya san wanda zai kutso kafin ya kutso. Ya ba ni labarin lokacin da Mararaba ba ta wuce 'yan rumfuna da masu sayar da doya ba, yana wuce ta bai ko sauya giya ba. Har dariya ya yi. Na ji da ma ya yi shiru kamar yadda ya saba, domin da wannan mutumin mai dariya ban san yadda zan ƙarasa tafiyar ba.

A Mararaba muka tsaya cik. Mutane suka kashe injin, wasu suka fito suka tsaya a jikin motocinsu suna hangen gaba. Ba wanda ya san dalili. Wani ya ce tirela ce ta faɗi, wani ya ce shingen bincike ne. Masu tallar ruwan leda da ayaba da cajar waya suna zagaya mu. Awa ɗaya ta wuce ina kallon allon shago ɗaya, na mai sayar da katifa, har na haddace duk abin da aka rubuta a jiki.

Can na lura Baba ya daina magana. Ya zuba ido a ƙasa, ya haɗe gwiwoyinsa. Da na duba sai na ga wandonsa ya jiƙe har kujera. Sau biyu na tambaye shi a baya ko zai zaga, ya ce a'a.

"Ruwa ne ya zube," ya ce, bai dube ni ba.

"Eh, Baba. Ruwa ne."

Ba inda zan kauce da mota. Na bar ta a tsakiyar layi, na ciro wani wando da buta, na riƙo hannunsa muka ratsa tsakanin motoci. Babu lungu, babu bango, ko'ina mutane. Ina ta waige-waige sai wata mata mai gasa masara ta yafuto ni. Dattijuwa ce, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausarta irin ta mutanen tsakiyar ƙasa.

"Oga, kawo Baba nan. Bayan tebur."

Ta kwance zanen da ta ɗaura a kan siket, ta kira wata mai sayar da gyaɗa, suka riƙe shi baki da baki suka juya mana baya. A bayan wannan zanen na tuɓe wa mahaifina wando na wanke shi, ga hon ɗin motoci, ga hayaƙin gawayi. Ya dafa kaina da hannu ɗaya don kada ya faɗi. Ƙafafunsa sun zama kamar sanduna.

Da muka fito na yi mata godiya. Ta ce, "Mamana ma haka ya yi kafin ya mutu. Kana kai shi gida Sallah?"

Na ce eh.

"Ka yi ƙoƙari. Allah zai biya ka."

Ta miƙa wa Baba masara guda ta ƙi karɓar komai. Ya riƙe ta a hannu har Keffi bai ci ba.

Sai bayan azahar layin ya motsa. Gaba da Masaka muka ga abin da ya tare hanyar: bas ce ta shige ƙarƙashin motar yashi. An riga an kwashe mutanen. Saura kaya a warwatse a kwalta, kuloli, takalman yara, da wani rago da aka ɗaure a jikin ƙarfen gefen titi yana cin ciyawa. Kowa ya rage gudu ya leƙa ya wuce. Ɗaya hannun titin, mai komawa Abuja, fayau yake, sai jifa-jifa mota ta wuce da gudu. Na dube shi ya fi a ƙirga. Duk inda na ga mahaɗar juyawa sai na ji ƙafata ta sassauta a kan totur. Sai in tuna warin gas ɗin nan da fuskar matata ranar, in wuce.

A Akwanga muka tsaya sallah wajen la'asar. Na buɗe but zan ɗauko darduma, ban san ya biyo ni ba. Ya tsaya yana kallon abin da ke ciki: tsohon akwatinsa na ƙarfe, bargonsa, rediyonsa, sandarsa, ledar magunguna cike.

"Har da bargo?"

"Ana sanyi a can, Baba."

"Har da akwatin."

Na rufe but ɗin. Muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci na gidan mai, ya yi ta daidai, bai ƙara bai rage ba. Da muka koma hanya ya daɗe yana kallon duwatsu. Sannan ya kira ni da sunan da ya rabu da kirana da shi tun bara.

"Kwana nawa za mu yi?"

"Uku ko huɗu."

"Kai ko ni?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Akwai motar itace a gabana, na yi kamar ina neman hanyar wuce ta.

"Na yi wata ɓarna ne?" ya ce.

"A'a, Baba."

"In na yi, ka ba matarka haƙuri. Yarinyar kirki ce."

Na so in yi masa bayani. Na shirya maganar tun makonni, cewa can ya fi iska, akwai 'yan'uwa, zan riƙa zuwa. Na buɗe baki na fara, na juyo na dube shi, sai na ga idon ya riga ya koma inda yake komawa. Yana murza gefen rigarsa yana motsa leɓe. Hankalin ya zo na 'yan mintoci ya tafi, kuma a cikinsu ban gaya masa komai ba.

Ruwan ya sauko muna gab da Hawan Kibo. A nan ma layi ne, manyan motoci suna hawa da ƙyar, wata ta mace a tsakiyar kwana. Muna tafiya taku ɗaya mu ja birkin hannu. Gilashi ya yi hazo ina gogewa da hula. Baba ya firgita, ya ɗauka shi ke tuƙi da lodi a baya, ni kuma karen motarsa ne.

"Sauka ka sa weji a taya. Za ta koma baya."

"Na sa, Baba."

"Ka duba shanun. Akwai wadda ta kwanta."

"Duk suna tsaye."

Ya kama hannun ƙofa zai buɗe, na danna makulli. Ya yi ta ja yana zagina, zagin da ban taɓa ji a bakinsa ba, har ya gaji ya jingina da kujera yana haki. Haka muka haye.

Ana kiran isha muka isa. Tafiyar da ya kamata mu gama kafin la'asar. Gwaggo ta fito da fitila tana dafa bango. Shekara biyu rabona da ita, a waya muryarta ba ta canza ba, shi ya sa ban san ta tsufa haka ba. Ido ɗaya ya yi fari. Ta ɗaga fitilar ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko nan ne masaukin direbobi.

"Ni ce fa, Yaya."

"To, madalla," ya ce.

Ranar Sallah na kai shi idi, na yanka ɗan ragon da aka tanadar mana, ya ci hanta kaɗan. Na nuna wa Gwaggo magungunan, na safe da na yamma. Ba ta iya karatun boko ba, sai na ɗaura wa na safe jan zare. Na gyara sakatar ƙofar zaure. Jikokin maƙwabta suka yi alkawarin za su riƙa sa ido.

Washegari da safe na tayar da mota tana ɗumi, na koma ciki in yi sallama. Da na fito na tarar da shi a kujerar gaba, ya sa hularsa, ya ɗaura bel da kansa.

"Mu je, rana na yi," ya ce.

Na tsaya riƙe da ƙofa. Gwaggo ce ta matso ta ce, "Yaya, ba ka sha koko ba. Zo ka sha, shi zai je ya sha mai ya dawo." Ya dube ni. Na ce haka ne. Na kwance masa bel ɗin, ya fito a hankali. Ya zagaya bayan motar ya bugi taya da ƙafa.

"Ta bayan nan tana son iska. Ka tsaya a duba."

"To, Baba."

Gwaggo ta ja hannunsa suka shiga zaure. Ban jira ya sake fitowa ba.

Yana nan da rai har yanzu. Ina zuwa idan na sami hutu, ba kamar yadda na yi alkawari ba. Ya rame, ya daina tambayar mota, ya daina fita ko an bar ƙofa a buɗe. Zuwana na ƙarshe ya amsa gaisuwata, ya juya ya ce wa Gwaggo a kawo wa baƙo ruwa. Ita kuma ƙafarta ta kumbura, da rarrafe take kai masa tuwo wasu ranakun. Da za ta raka ni ba ta iya wuce bakin ɗakinta ba. Ta zauna a kan turmi ta riƙe hannuna.

"In na riga shi fa?" ta ce.

Na ce Allah zai kawo mafita. Ta gyaɗa kai, ta sake ni.