Tallafin Yaya Rabi Ya Iso

Muna tsaka da rabon wainar sadakar arba'in ɗin Yaya Rabi, sai wayarta ta yi ƙara. Inna ta ɗauka.

Tun da ciwon daji ya sa aka cire mata nono, Yaya take ɗinka rigar mama mai cikon auduga. Mata irinta suna zuwa saye a ɓoye, har daga Ɗambatta. Bara ta nemi tallafin gwamnati don ta ƙaro keken ɗinki.

Mutumin ya ce, "Hajiya, albishirinku, tallafi ya fito. A ba ni ita."

Inna ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya riga ku kiranta."

Ku sa ta a addu'a. Wanda kuma ya san tela mai riƙe sirri ya faɗa min, don matan nan har yau suna sallama.