Ranar da na saka yajin Umma a karta

A lokacin da abin nan ya faru ni mai tsire ne a unguwar Mansur, kuma har yau shi nake yi. A nan Makka aka haife ni, kakanninmu daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna. Larabawa siriya suke ce wa tsiren namu, kuma duk wanda ya san unguwar ya san ba naman ne yake kawo mutane gabana ba, yajin ne. Umma ce take haɗa shi a turmi, kamar yadda ta koya a wurin uwarta, kuma a duk 'ya'yanta ni kaɗai ta yarda in zauna in ga abin da take zubawa. Ni mutum ne mai sanyi, ba na son hayaniya, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka ba ni da zuciya.

Ina da ɗan baffa wanda ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya buɗe gidan abinci a Aziziyya, yana cin kasuwar alhazai, amma tsirensa bai taɓa karɓuwa ba. Ya sha yi mini zancen yajin cikin wasa, ni kuma in yi dariya in sauya magana. Shi ne ya kawo mana wasan kartar da ake kira foka a istiraha, wato gidan hutawar da muke taruwa da abokai bayan sallar Juma'a, kafin in tafi in hura gawayi. Ana ba kowa kati biyu ya ɓoye, a buɗe uku a tsakiya, daga baya a ƙara biyu ɗaya bayan ɗaya. Da ƙwallon dabino muke yi, muna ce wa kanmu ai wannan ba caca ba ce.

Yaya yana da hali guda. Da zarar an buɗe katin nan uku, sai ya tura ƙwallayensa duka tsakiya, ya zuba mini ido, ya ce in bi ko in zubar. Kullum zubarwa nake yi, ko da abin hannuna mai kyau ne, shi kuma ya kwashe yana tsokanata wai mai tsire ya ji wuta. Abin yana cina sosai, ba zan ɓoye ba. Sai na daina kallon katina na koma kallonsa. Na gane in yana da abin kirki, sai ya yi shiru ya ɗan kurɓi shayi kafin ya tura. In kuwa hannunsa fanko ne, tun katin na uku bai gama sauka ba ya tura, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Na riƙe wannan a raina ina jiran rana.

Ranar ta zo ana saura kaɗan alhazai su fara sauka. Ina riƙe da sarki da goma, aka buɗe sarki da bakwai da biyu. Yaya ya tura duka nan take, yana ta surutu. Da ya ga ban zubar ba, sai ya ce ƙwallon dabino wasan yara ne, a saka abin da zai yi zafi. In na ci, zai ba ni aron motarsa mai firji duk tsawon lokacin Hajji. In ya ci, in faɗa masa haɗin yajin a gaban kowa. Na san ba shi da komai, na san so yake in tsorata kamar kullum, kuma na gaji da tsorata. Na ce na bi.

Ya buɗe katinsa, tara ce da huɗu, ba abin da ya haɗa. Na ga fuskarsa ta sauya, kuma wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sai aka buɗe na huɗu, tara ta faɗo. Aka buɗe na biyar, wata tarar ce. Tara uku ta fi sarki biyu. Karatun da na yi masa daidai ne, amma shi ya ci.

Ya gyara zama ya ce to bismilla, yana saurare. A nan ne na tuna abin da na saka ba nawa ba ne. Na miƙe na ce masa, "Yaya, halas, shi ke nan. Ba zan faɗa ba. Ka kira ni duk sunan da ka ga dama." Ya kira ni kuwa. Abokanmu suka ce namiji ba ya cin alƙawari, da ni na ci ai da na karɓi motar. Na ce gaskiya ne, da na karɓa, kuma wannan ma abin kunyata ne, amma ba zan ƙara kunya a kan kunya ba. Na ce ya zo ya ɗauki abin da nake gasa nama a kai, ya ɗauki wuƙaƙena, waɗannan nawa ne. Na ɗauki takalmina na fita.

Ban bari Umma ta ji a bakin wani ba, ni na je na faɗa mata. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta yabe ni da na ƙi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce da Yaya ya zo ya durƙusa ya roƙa, da ta ba shi, domin shi ma ɗanta ne. Abin da ba ta taɓa zato ba shi ne wanda ta zaunar kusa da turminta zai ɗauki abin uwarta ya aza a kan tabarmar karta, a garin da mutane suke sayar da gonakinsu su zo. Daga wannan makon ta daina kirana in za ta yi daka. Ƙanwata take kira, su rufe ƙofa. Ta sauya haɗin, ta ƙara wani abu da har yau harshena bai gano shi ba, kuma masu saye sun ce ya fi na da.

Yaya bai sake yi mini magana ba sai gaisuwar Idi, ni kuma ban sake zuwa istirahar ba. Har gobe akwai masu ce mini mai cin alƙawari, kuma ba na sunkuyar musu da kai. In aka mayar da ni wannan ranar, zan sake miƙewa in ce ba zan faɗa ba. Abin da nake nadama shi ne zaman da na yi tun farko, da yarda da na yi cewa sai a kan tabarmarsa zan nuna masa ni ba matsoraci ba ne.

Ga wanda yake karanta wannan, musamman masu cewa ai da ƙwallon dabino ne kawai: mai tura maka duka ba katinka yake nema ba, so yake ka fusata har ka saka abin da bai kamata ba. Kana iya karanta shi daidai kuma ka faɗi. Kada ka jira ka gwada, tashi kawai. Ni na hana Yaya yajin, amma yanzu duk Alhamis ƙanwata ce take miƙo mini shi a ƙulle cikin leda, in karɓa in ce na gode, in je in barbaɗa wa nama abin da ban san mene ne a ciki ba.