Naƙuda Biyu, Ungozoma Ɗaya

Har in bar duniya ba zan manta da wata Alhamis ta damina ba, lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. A ƙa'ida mu biyu ne a ɗakin haihuwa, amma an yi wa abokiyar aikina canji zuwa Gumel, ba a turo madadinta ba. Awo ni, karɓar haihuwa ni, wankin kayan aiki ma ni.

Da hantsi aka kawo Indo, matar wani manomi. Ta sauka lafiya, sai jini ya ɓalle. Ina cikin murza mata mara don mahaifa ta tsuke, sai ga amalanke a ƙofa. Wata mai tsohon ciki ce, Hadiza, daga tsallaken iyaka, tana jijjiga, surukarta na tallafe da kanta.

Na yi mata allurar tsayar da jijjiga, amma na san sai babban asibiti, inda akwai likita da ɗakin tiyata. Dokar aikinmu kuwa, irin wannan ba a tura ta sai da ma'aikaci a gefenta, da magani a hannu. To wa zan bar wa Indo?

Motar asibiti ba mu da ita, ga shi ranar kasuwar Maigatari, motocin haya duk sun tafi. Da ƙyar mijin Hadiza ya samo a-kori-kura. Tsohuwar ta kama hannuna.

"'Yar nan, don Allah shigo mu tafi. In abin ya sake taso mata, ni me zan yi?"

"Iya, in na bi ku, ta cikin ɗakin nan ba za ta kai azahar ba."

Na nuna mata yadda za ta kwantar da ita ta gefe, na koma kan Indo. Allah ya taimaka jinin ya tsaya. Da la'asar direban ya dawo, ya ce Hadiza ta cika kafin su shiga Gumel, da abin da ke cikinta.

Da shugabarmu ta ƙaramar hukuma ta zo bin ba'asi, ta ce, "Sista Binta, me ya hana ki raka ta?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, da na raka ta, da yanzu ba'asin Indo kike bi."

Ta ce za ta kai maganar sama. Har na bar garin ba a turo kowa ba.

Da lokacin kaka ya zo, sai tsohuwar nan ta dawo, ta kawo 'yarta awo. Na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Kar ki damu, 'yar nan. In ba nan ba, ina za mu?"

Ku da kuke shigowa aikin nan, makaranta ta koya muku maganin zubar jini da na jijjiga, amma ba ta koya muku zaɓe tsakanin rai biyu ba. Kuma in kun ga mutanen karkara ba su yi ƙorafi ba, kada ku ɗauka an yi musu daidai. Rashin wurin zuwa ne.