Garar da Na Zauna Jira

Tun safe gidana na unguwar Glenwood, nan ƙasar waje, ke ƙanshin citta da man shanu, har ɗaliban da ke haya kusa da mu suna rage tafiya a ƙofa. Nakiya nake yi, cike da murna.

Wannan ƙanshin na gidan kakata ne. Bayan girbi, in an sa ranar wata gwaggo, sai a jera turame uku a tsakar gida. Kakata ba ta daka, hanci kawai take aiki da shi. Daga kan tabarma za ta ce masoro bai ji ba, kuma haka ne. Mu kuwa muna laɓe, jiran lasar taɓarya. Wata shekara kawuna ya dawo daga karatu ya ce gara bidi'a ce.

"Wa ka ji na roƙa a cikin turmi?" in ji ta. "Kyauta ce, malam. Matsa, ka tare mini iska."

To kun san a wurinmu dangin amarya ke kawo gara. Ɗana zai auri 'yar Jawa, can Indonesiya, gidan Musulmi. Na naɗe hannu ina lissafin inda zan ajiye kwanuka, ashe su ma iyayenta a gidansu na Pleasant Garden, nan kusa da mu, ni suke jira. A al'adarsu dangin ango ke kai farantan abinci kafin ɗaurin aure. Sati biyu shiru, har uwar yarinya ta tambayi ɗana ko ba ma son 'yarta.

Cikin farantan dole a sa shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, wai don ma'aurata su manne wa juna. Alhajina ya ɗaure fuska.

"Camfi ne wannan, Hajiya. Ba a gidana ba."

Na kira uwar yarinyar a waya a gabansa, ɗana yana fassara. Ta yi dariya ta ce shinkafa ba ta riƙe aure, Allah ke riƙewa, wannan fata ne kawai, a ci a yi addu'a. Alhaji ya shafa gemu.

"A haɗa da nakiya," ya ce, "kada a ce mun yi rowa."

Duniya kenan. Da a garinmu ne, kunya ba za ta bar surukai su haɗa ido ba. Nan kuwa gobe uwar amarya za ta tuƙo mota har kicin ɗina, ta koya mini dafa abin da zan kai mata.