Gem ɗin 'Yar Fari

A gidanmu na Madabo uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ba shi abu hannu da hannu, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin, ni ma na yi ta shekara da shekaru. Tun da aka yaye 'yata ta fari take ɗakin surukata Hajiya. Tsakar gidanmu ɗaya, amma sai ka ce 'yar maƙota.

Gem ne ya fara ci min rai. Ƙanin mijina ya sayo wa 'ya'yansa maza irin wanda ake jonawa da talabijin, aka kafa shi a falon Hajiya. Kullum in an taso daga Islamiyya sai su baje, 'yar tawa kuwa ta raɓe jikin ƙofa tana kallon tseren mota. Ko sau ɗaya ba a miƙa mata ba. Wata rana na zo wucewa da tsintsiya, na ga yatsunta suna motsi a cikin hijabi, tana danna abin da babu shi. Ɗaki na koma na zauna, raina a ɓace.

Ana gab da Sallah na shiga wani shago a kasuwar waya neman gem. Mai shagon ya ce, "Hajiya, na mace ne ko na namiji?" Na ce mace. Ya ɗauko wani ruwan hoda, wai a cikinsa ana yi wa 'yar tsana kwalliya, ana dafa miya.

Na ce, "Malam, miya muna da ita a gida, har ta ishe ta. Mota nake so."

Ya yi dariya, ban taya shi ba. Na sa ya kunna min su ɗaya bayan ɗaya. Mai harbe-harbe na ture gefe, mai cin data ma haka, don ba zan jawo mata roƙon wayar kowa ba. Na zaɓi ƙarami na hannu, baƙi, mai riƙe caji, wanda ba ruwansa da talabijin ɗin wani.

Bisa al'ada Hajiya zan kai wa, ita ta bayar. Na san inda wannan zai ƙare: za ta ce kayan wasa na yaran gida ne duka, kafin la'asar yana hannun maza. Don haka ranar Sallah, ana tsakiyar rabon abinci, mata cike da tsakar gida, na buɗe baki na kira yarinyar da sunanta.

Ita kanta waige-waige ta shiga yi, tana neman mai kiran.

Hajiya ta ce, "Ke! 'Yar farin taki? Lalle kunya ta ƙare a duniya."

Na durƙusa yadda aka koya min, na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Amma wannan nata ne ita kaɗai, kuma ni na ba ta." Na miƙe na danƙa mata a hannu. Har yau ana ba da labarina a gidajen biki, wai idona ya buɗe. Su yi ta faɗa, bakinsu ne.

Bayan la'asar yarinyar ta yi sallama a ƙofar ɗakina, abin da ba ta yi sai an aiko ta. Ta tsaya tana juya gem ɗin, ta kasa shigowa.

"Yaya," ta ce, don haka take kirana, "mutum biyu ma suna iya yi. In ɗaya ya faɗi sai ya ba ɗaya."

Na matsa mata a bakin gado, ta miƙo min gem ɗin. Motata ta dinga karo da bango, tana ta dariya har da kwantowa jikina. Can Hajiya ta ƙwala mata kira, tana tambayar ina ta shiga. Ba ta tashi ba, idonta a kan motar ta ɗaga murya ta ce, "Ina ɗakin mamata!"